Rabin Jirgin Heldur

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Baƙi sun fara zuwa. Jirgin fito na safe ya sauke wajen mutum sittin, da kekunansu da hulunan rana, alhali iska na yanka kunne. Signe ce ta aiko min da littafin nan daga Tallinn, wai tunda na ƙi yin magana a waya, in riƙa rubutawa. 'Yata ce, alheri take nufi. To ga shi.

Yau Maret ta tsayar da mota a ƙofar gidana.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zagaya tsibirin nan da 'yan hutu a bayan tsohuwar a-kori-kurarta mai benci. Coci, hasumiyar fitila, gidan tarihi, shagon saƙa, a koma tasha. Da ba ta tsayawa nan sai don karɓar bandar kifi. Yau ina shanya na ji ta kashe inji ta ɗauki lasifika. Da yaren Finland take yi musu bayani. Ta manta hunturu uku na yi ina gyaran kifi a can, lokacin ita tana tsintar yaren a talabijin.

Ta ce su dubi siket ɗina. Ja na kwanakin daɗi ne, shuɗi na baƙin cikin da ya fara hucewa, baƙi kuwa na wadda teku ta raba da mijinta. Ta ce matanmu ba sa cire baƙi sai teku ta dawo da abin da ta ɗauka. Wannan ƙarya ce, a bakinta aka haife ta yau. Sai ga wayoyi sun tashi sama, ni kuwa ina tsaye da jiƙaƙƙen zanin gado a hannu.

Benci ɗaya muka zauna da Maret a makaranta. Ita ta ɗaura min kallabi ranar aurena.

Ba ta gaya musu wanda ke cikin jirgin tare da mijina Heldur ba. Mijinta ne, Kalju. Shi ya dawo.

Laraba, 4 ga Yuni, azahar

Ta sake tsayawa. Jamusawa. Da Turanci, amma na ji sunana.

Alhamis, 5 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Goggo Salme, maƙwabciyata, ta leƙo ta katanga ta ce kar in bi ta tasha kwanan nan. Da ta yi shiru ma da ban je ba.

Kalju ya yi wa jirgin fenti. Fari da shuɗi, kamar kwanon shayi. Ya kafa benci biyu inda ake tara raga, ya rataya allo: ana kai baƙi kallon karnukan teku a kan duwatsu, sau biyu a rana. Uban Heldur ne ya sassaƙa jirgin nan, Heldur yana yaro yana miƙa masa ƙusoshin jan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da biyu da suka wuce Heldur ya sayar wa Kalju rabi don su sayi inji. Rabi. Ba wanda ya tambaye ni kafin a buɗe gwangwanin fenti.

Na ƙirga rigunan ceto da ke rataye a gefe. Goma sha biyu, sababbi fil. Ran ashirin da tara ga Afrilu guda ɗaya ce a jirgin. Kowa ya san a jikin wa aka gan ta da ya shigo tasha. 'Yan sanda sun zo daga Pärnu, sun yi tambayoyinsu, sun rufe takarda sun bi jirgin yamma.

Kalju yana durƙushe yana goge inji da hannun hagu. Ya ɗago ya ce, "Endla." Sunana kawai. Na dube shi har sai da ya mai da kansa ƙasa, sannan na wuce.

Zan sa su biya. Ban san ta yaya ba tukuna.

Asabar, 7 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Addu'ar arba'in. Tunda babu kabari, a bakin ruwa fadan coci ya yi ta. Signe ta zo da safe ta koma da jirgin yamma, aiki ya hana ta kwana. Kalju ya tsaya can baya wajen tarin raga, da hula a hannu.

Da aka dawo gida Goggo Salme ta ciro min siket mai ratsin shuɗi daga akwatina, ta ce lokaci ya yi, uwata ma ran arba'in ta sauya. Na mai da shi na rufe. Ta ce idan na ci gaba da sa baƙin siket, ai ƙaryar Maret nake mayarwa gaskiya. Ta yi daidai, kuma ba zan sauya ba.

Maret ta kawo baƙin burodi mai zafi, nannaɗe a tawul. A bakin ƙofa na tare ta. Ta ce ta ji wai ina fushi da tsayawar da take yi, alhali ita girmama Heldur take yi, mutane su san irin rayuwar da muke a nan, ba wai siket da waƙa kaɗai ba.

Na ce, "Kallona daban ake biya, ko yana cikin kuɗin coci da hasumiya?"

Ta ce, "Haba Endla. Wata uku kawai muke da su a shekara, ke ma kin sani. Ke ma da baƙin nan kike ci."

Na ce wannan da ne.

Ta dubi ɗakin bandata, da ƙofarsa a kulle tun ƙarshen Afrilu, ta buɗe baki za ta yi magana sai ta fasa. Na ga lokacin da ta fasa. Ta ajiye burodin a kan dakali ta tafi. Kaji sun ji daɗinsa.

Litinin, 9 ga Yuni, la'asar

Na karɓo bokiti biyu na hanjin kifi a tasha na ajiye a jikin shinge, daidai inda take tsayawa. Rana ta buga su tun safe. Da motar ta iso, baƙi suka toshe hanci suna dariya, wani mai jan gemu ya ce wannan ne ainihin warin tsibiri, ya ɗauki hoton bokitin. Minti uku suka yi. Ni na yini da ƙuda.

Laraba, 11 ga Yuni, ƙarfe uku

Na cire siket na sa wandon aikin Heldur da takalmansa na roba. Na ce in ga abin da za ta faɗa a kan launi. Ko numfashi ba ta ja ba. Ta ce su duba, don tsananin kewa kayan mijinta take sawa. Wata Bajamushiya ta fashe da kuka, ta sauko ta rungume ni ta saman shinge, tana warin man rana.

Goggo Salme ta yi dariya har ta zauna a kan itace. Ta ce in gwada fitowa tsirara, ƙila Maret ta ce al'ada ce ta ranar Laraba.

Wandon har yanzu yana ƙanshin taba da kwalta. A aljihun hagu akwai rabin alewar tari. A ranar ma tari yake yi. Na san yana tari.

Juma'a, 13 ga Yuni, safe

Na gane kuskurena. Ina bayan shinge, lasifika na hannunta. Na je shagon tasha na sayi tikitin motarta na gobe kamar kowa. Yarinyar da ke sayarwa ta riƙe takardar ta ƙi saki, sai da na ja.

Asabar, 14 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta duka.

Na sa baƙin siket, baƙin kallabi, baƙar riga. Na riga kowa hawa motar, na zauna a bencin gaba, bayan gilashin direba. Da Maret ta zo da baƙinta, mutum goma sha tara daga Finland, ta tsaya cak. Ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce in sauka, don Allah. Na nuna mata tikiti. Baƙin suka ɗauka ina cikin shirin, suka yi ta neman zama kusa da ni.

Muka je coci. Muka je hasumiya. Muryarta ba ta fita sosai, sau biyu ta rikita shekarar da aka gina ta. Da muka shigo hanyar gidana ta taka mai za ta wuce. Na buga rufin motar da tafin hannu kamar yadda ake yi in za a sauka. Ta tsaya.

Na miƙe. Na ce musu da yarensu wannan gidana ne, ni ce matar da ake nunawa a nan, kuma yau na zo in ji labarina daga wannan ɓangaren. Wasu suka yi dariya. Na ce wa Maret ta fara, muna jin ta. Ta leƙo ta taga, ta sauke lasifikar daga bakinta.

Sai na yi mata. Na faɗi launukan, na ce maganar jiran teku ƙirƙira ce. Na ce sunansa Heldur, shekararsa sittin da ɗaya, yana son miyar wake da naman alade, ba ya iya waƙa amma ba ya bari. Na ce su biyu suka fita. Na ce riga ɗaya ce a jirgin. Sannan na ce duk wanda ya yanki tikitin kallon karnukan teku na yamma, ya dubi bencin da zai zauna da kyau, don daga nan mijina ya faɗa ruwa, kuma ya tambayi matuƙin wa ya sa rigar. In ya ƙi faɗa, ga matarsa nan a sitiyari.

Ba wanda ya yi dariya kuma. Wata dattijuwa ta sauke wayarta a hankali. Wani saurayi bai sauke tasa ba.

Maret ta ce da yarenmu, ba ta lasifika ba, "Ke kam kin san abin da kika bari ba ki faɗa ba."

Na sauka na shiga gida na rufe ƙofa. Na ci dankali da man shanu har faranti biyu. Rabon da in ji ɗanɗanon abinci tun Afrilu.

Lahadi, 15 ga Yuni, azahar

Mutum biyu kawai suka hau jirgin Kalju jiya. A coci kowa ya matsa min wuri, fiye da yadda nake bukata. Madalla.

Talata, 17 ga Yuni, ƙarfe huɗu

Saurayin nan ya sa ni a intanet. Signe ta kira tana kuka, wai abokan aikinta sun gani, wai dubban mutane sun gani. Ta ce, "Mama, kin san abin da kika kira Kawu Kalju a gaban duniya?" Na ce ban kira shi komai ba, tambaya na ce a yi masa.

Motar Maret ta daina bi ta nan. Amma yanzu su da kansu suke zuwa a keke, su jingina a shingena suna jira in fito. Jiya goma sha huɗu. Wata ta kawo furanni. Wani ya tambaye ni wanne ne gidan mutumin. Mai masaukin baƙi na bakin tasha ya aiko wai ko zan riƙa ba da labarin ranakun Juma'a bayan cin abinci, zai sa kyandirori.

Jirgin Kalju kuwa ya cika yau har an bar wasu a tasha. Goggo Salme ta ce ba karnukan teku suke zuwa kallo ba, fuskarsa suke kallo. Suna ɗaukar hoton bencin. Shi kuma yana tuƙa su, ya kai su ya dawo da su.

Na so in ƙona su ne, sai na ƙara musu kasuwa. Kuma har yanzu ana zama a kan jirgin Heldur da gajeren wando ana shan askirim.

Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe bakwai na yamma

Maret ta shigo ba sallama. Ta rame. Ta tsaya a tsakiyar kicin ɗina, inda ta sha zama tana tankaɗe min gari, ta ce kwana huɗu Kalju bai ci abinci ba, wani ya rubuta masa kalma a jikin rumbun raga, sai da ta kankare da wuƙa.

Na ce ta sa wannan ma a zagayen, tsakanin coci da hasumiya.

Ta ce ta yarda ta yi laifi da ta tsaya a ƙofata, tun ranar farko ta san laifi ne, amma baƙi suka so, ta kasa bari. Sannan ta ce, "Kalju yana tsaye a ƙofarki da safen ranar da suka fita, Endla. Taga a buɗe take. Ya rantsar da ni kar in faɗa wa kowa. Shi zai riƙe har kabari. Ni ban san iya inda zan kai ba."

Na ce ta fita.

Na wanke kofunan da ba su yi datti ba. Na sake wanke su.

Alhamis, 19 ga Yuni, safe

A lokacin, baƙi arba'in ne za su zo ran ɗaya ga Mayu, kuma ni na karɓi aikin bandar. Kilo talatin. Wannan kowa ya sani. Iyakarsa ke nan.

Alhamis ɗin dai, la'asar

Na sami Kalju a tasha na ce gobe da sassafe zai kai ni wurin da Heldur ya faɗa ruwa, ni kaɗai. Ya ce to.

Juma'a, 20 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Ruwa kwance kamar faranti. Mun yi tafiyar kusan awa. Ya miƙo min rigar ceto, na ƙi karɓa, shi ma bai sa ba. Bayan duwatsun karnukan teku ya kashe inji. Ya ce nan ne, ko kusa da nan. Ba komai a wurin. Ruwa ne irin na ko'ina. Ban san abin da na zaci zan gani ba.

Na ce ya faɗa min.

Ya faɗa yana kallon ƙafafunsa. Iska ta juya suna tsakiyar jan raga. Ragar ta sarƙe a ƙasa, Heldur ya sunkuya zai yanke, igiyar ruwa ta bugi jirgin ta gefe. Ya ce ya cafke shi a wuyan hannu. Ya riƙe. Ruwan Afrilu ne, ƙanƙara ba ta daɗe da narkewa ba. Bai san tsawon lokacin ba. Ya ce shi bai saki ba, hannun ne ya daina zama nasa. Ya ɗago hannun dama ya nuna min. Yatsu uku ba sa lanƙwasawa.

Na ce rigar fa.

Ya ce tun suna tasha Heldur ya jefa masa, wai shi ne bai iya ruwa ba. Wataƙila gaskiya ne. Irin abin da Heldur zai yi ne. Kuma irin abin da mutum zai ƙirƙira ne in ya san Heldur. Mutum biyu suka sani, ɗaya yana ƙarƙashinmu.

Na ce me ya kai su fita a iskar nan tun farko, ba shi ne ya zo ƙofa da takalmansa ba?

Ya dubi ruwan. Sannan ya ce, "Na zo ne in ce masa mu bari sai gobe."

Wani karen teku ya ɗago kai kusa da mu, ya dube mu, ya nutse.

Ya ce kafin ya ƙwanƙwasa, Heldur ya fito yana sa riga, fuskarsa ja, ya ce mu je. Bai ƙara komai a kai ba. Na jira ya maimaita abin da ya ji ta taga, in samu abin da zan mare shi a kai. Ya ƙi.

Na ce masa rabin jirgin nan nawa ne, kuma ba baƙon da zai sake zama a kai. Ya ce rabin jirgi ba ya tafiya a ruwa. Na ce na sani. Na ce Litinin daren Yohanna ne, bikin da ake kunna babbar wuta kowace shekara, ana neman tsohon jirgin da za a ɗora a wuta, bana namu za a ɗora.

Ya ce jirgin ba tsoho ba ne, zai yi shekara ashirin nan gaba. Ya ce da wannan hannun ba ya iya jan raga, tuƙa baƙi kaɗai ya rage masa.

Na ce na sani.

Ya ja igiyar inji da hagu, sau huɗu kafin ya tashi.

Na fi tsanarsa yau fiye da jiya. Ya ji abin da bai kamata ya ji ba, kuma ya yi min alherin yin shiru. Kullum na gan shi sai in san yana yi min alheri.

Asabar, 21 ga Yuni, asuba

Da safen ranar na ce wa Heldur: Kalju na tsaye a ƙofa da takalmansa, kai kana nan kana sauraron iska kamar tsohuwa.

Abin da na ce ke nan. Na rubuta. Signe ba za ta ga littafin nan ba.

Lahadi, 22 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Kalju ya cire injin da kansa ya kai rumbu. An yi maganar tarakta. Shugaban ƙauye ya zo ya roƙe ni, fada ya zo, Goggo Salme ta ce uban Heldur zai juya a kabarinsa, katakon gaban jirgin nan daga itacen bayan gidansu ne. Na ba kowa kofi.

Maret ta tare ni a gaban shago, a gaban mutane. Ta ce Kalju zai tafi Pärnu bayan biki, ɗan'uwansa ya samo masa gadin wani sito. Mutumin da bai taɓa kwana bakwai a jere a wajen tsibirin nan ba. Ita ba za ta iya binsa ba sai kaka. Ta ce, "Kin samu abin da kike so? Yanzu mu biyu ne ba miji a gida."

Na ce nata zai riƙa kira ran Lahadi.

Talata, 24 ga Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An ƙona shi.

Tarakta ta jawo shi filin bikin jiya da yamma, aka jingina shi a tarin itace, hancinsa sama. Baƙi sun fi ɗari uku, jirgin fito sau huɗu ya yi sawu. Mata da jajayen siket, ana kiɗa, ana gasa nama, ana sayar da giya. Rana ta ƙi faɗuwa, kamar yadda ta saba a nan a wannan watan. Aka miƙo min wutar, wai ni ce mai haƙƙi. Na zaci hannuna zai ƙi. Bai ƙi ba.

Fentin ne ya fara tashi, ya kumbura ya zube, sai tsohuwar baƙar kwalta ta fito daga ƙasa. Na ɗan lokaci ya koma jirgin da na sani, wanda na sha tsayawa a tasha ina hangowa. Sannan kwaltar ta kama. Da gefen ya buɗe baƙi suka tafa. Na tsaya har ƙashin bayansa ya karye. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya a littafina ba. Daɗin ya kai ni har gida, har na cire takalmi. Daga nan ban san inda ya shiga ba.

Wanda aka ƙona jirginsa shi ke kwashe ƙusoshi, don filin na kiwo ne. Ƙarfe shida na ɗauki bokiti na tafi. Wasu baƙi na barci a ciyawa cikin barguna, gwangwanaye ko'ina. Tokar da ɗumi har yanzu.

Kalju ya riga ni. Yana durƙushe a tsakiya, ya yi baƙi har gwiwar hannu, yana tona da hagu. Da ya tara 'yan ƙusoshi sai ya nemi kwashewa da dama, su zube ta tsakanin yatsun. Bokitinsa a karkace, rabin abin da ya tara ya koma toka. Bai gaishe ni ba, ban gaishe shi ba. Na fara daga ɗaya gefen.

Suna da yawa. Ban taɓa sanin jirgi na da ƙusa haka ba. Wuta ta mai da su kore da ja, wasu sun lanƙwashe kamar ƙugiya. Rana ta ɗaga, ƙararrawar coci ta buga, baƙi suka fara tashi suna neman kofi. Wata ta matso da waya. Kalju ya ɗago ya dube ta kawai, ta mai da ita aljihu ta wuce.

Da muka haɗu a tsakiya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, jirgin Alhamis zai bi. Ya ce injin na rumbu, in sayar, in aika wa Signe ko in yi abin da na ga dama. Na ce rabi ne nawa. Ya ce to a yanka shi ma. Na kusa yin dariya, na haɗiye.

Ya sake cika hannu, suka sake zubewa. Ya zauna a kan dugadugansa yana kallon yatsun.

Ban yafe masa ba. Ban yafe wa Maret ba. Ɗayar kuwa, wadda ta yi magana ta taga, ba a ma fara shari'arta ba.

Na dai matsa kusa na tara masa bokiti a ƙarƙashin hannun, har muka gama.